MUTUM TAKWAS, BA UBAN KIƊI BA 'YAN AMSHI

Yau dai ku yi haƙuri, ba ci gaban labari na kawo maku ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma na san in ban amayar da ita ba alƙalamina ba zai tafi daidai ba.

A ranar 21 ga watan Disamba 1960, a birnin New York na Amurka, wani baƙar fata mai busa saksofon, sunansa Ornette Coleman, ya tara makaɗa bakwai, shi ne cikon na takwas, suka shiga situdiyo. Ya raba su gida biyu, huɗu-huɗu, kowane gida da masu busa biyu, da mai ganguna ɗaya, da mai kaɗa bes ɗaya, wato ƙaton gogen nan da ake jingina shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu. Aka sa gida ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a kunnen dama. Abin da aka shirya tun farko bai wuce 'yan gajerun bushe-bushe da za su yi tare ba, don a san an sauya wanda ke gaba. Sauran duk a nan take aka ƙirƙire shi, minti 37 ba tsayawa. Faifan ya fito a 1961 da sunan Free Jazz. Mujallar Down Beat ta ba mutum biyu su yi masa sharhi, ɗaya ya ba shi tauraro biyar, wanda shi ne ƙololuwa, ɗayan kuwa ko rabin tauraro ya hana shi.

Ban ga laifin na biyun ba. Ɗana ne da ke jami'a ya fara liƙa mini abin a kunne daga wayarsa, kuma abin da na ji shi ne kamar an kora garken awaki cikin rumfar masu tukwane. Sai a ji na uku ko na huɗu kunnena ya fara rarrabewa. Wannan ya furta 'yar magana da ƙahonsa, wancan ya cafke wutsiyarta ya juya ta, na uku ya yi musu dariya daga gefe, masu ganguna biyu suna ta gardamarsu a ƙasa amma ƙafarsu ɗaya. Wallahi sai na tuna tsakar gida ranar wunin biki, mata goma kowa na magana lokaci guda, baƙo ya ce hayaniya ce, alhali ba wadda zaren hirar ya ɓace mata. Duk marubuci ya san wannan ita ce fitowar da ta fi wuyar rubutawa. Mu a takarda dole mu jera su, wance ta ce, wance ta amsa, mu kashe hayaniyar da hannunmu. Su sun bar ta da ranta.

Ƙirƙira a nan take ba baƙuwarmu ba ce, Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, ya ishe mu misali. Sai dai a wurin Shata kai ɗaya ne. Shi ke saƙa magana, 'yan amshi na riƙe da amshinsu, masu kalangu na riƙe da kiɗa, kowa ya san matsayinsa. A wajen mutanen nan kuwa shugabancin yawo yake yi, yanzu yana hannun mai ƙaho, an jima ya koma hannun mai bes, ba wanda ya miƙa, ba wanda ya ƙwata.

Kada ku ɗauka rashin doka ne. Tun a New Orleans inda jaz ya tashi a farkon ƙarni na 20, masu busa uku kan yi tare, kowa na ƙirƙirar nasa, amma an raba musu fili: mai ƙaho na riƙe da karin waƙar a tsakiya, mai kilarinet na yi mata ado ta sama, mai turambon na tokare ta ta ƙasa. Louis Armstrong, wanda ya yi faifansa na farko a 1923 yana yaron King Oliver, ya ba da labarin yadda maigidan nasa kan taɓa maɓallan ƙahonsa a ɓoye ba tare da ya busa ba, don ya nuna masa abin da zai yi in an zo gaɓa, sai su faɗo tare, jama'a su yi ta mamaki. Bayan haka akwai zagayen da kowa ke ƙirgawa a zuci, galibi gaɓa 12 ko 32, in ya ƙare a koma farko, kamar zaren tsaye a masaƙa, kowa ya gitta nasa launin a kai. Wannan zagayen ne Ornette ya cire, ya bar mutane da bugun kiɗa da kunnuwansu kawai.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Miles Davis. Faifansa Kind of Blue a zama biyu aka ɗauke shi, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, kuma 'yan zane-zane kawai ya kawo wa su John Coltrane da Bill Evans da Cannonball Adderley, ba cikakkiyar waƙa ba. Amma labarin da ya fi wannan shi ne wanda Herbie Hancock ya sha bayarwa, har ya sa shi a littafin tarihin rayuwarsa na 2014. Suna wasa cikin shekarun 1960, dare ya yi daɗi, Miles na tsakiyar busa, sai hannun Hancock ya sauka a kan muryoyin fiyano da ba su dace ba ko kaɗan, a gaban jama'a. Miles ya ɗan yi shiru na ƙiftawar ido, sannan ya busa wasu muryoyi da suka sa abin da Hancock ya buga ya zauna daram, kamar da ma can haka aka tsara. Bai harare shi ba, bai kuma yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki abin a matsayin ya riga ya faru, saura me za a gina a kai.

Dalilin da ya sa labarin nan ya tsaya mini shi ne wani aiki da muka ɗauko bara, mu huɗu, duk marubuta mata, biyu a Kano, ɗaya a Katsina, ɗaya a Gusau. Muka ce mu rubuta littafi ɗaya, babi-babi, ba tsari, ba a faɗa wa juna inda aka dosa, in kin gama naki ki tura ta WhatsApp, mai bi miki ta ɗora. Ni na buɗe. Na gina wata uwar miji, Hajiya Babba, mace mai makullai a ƙugu, wadda ko gishiri ba ya fita daga sito sai da saninta. Na so matar nan. A raina ita za ta riƙe littafin har ƙarshe, har na tanadi ranar da za ta durƙusa ta nemi gafarar surukarta. Babi na uku ya iso mini da daddare, na buɗe, sai na tarar 'yar Katsina ta kife motar Hajiya a hanyar Zariya, har an yi sadakar uku.

Na kira ta na ce, "Haba ƙanwata, me baiwar Allahn nan ta yi miki?"

Ta yi dariya ta ce, "Anti, ta cika gidan ne, ba mai iya numfashi."

Da babi na biyar ya zagayo kaina, sauran biyun suka ba ni shawarar da kowa ya sani a wannan sana'a tamu: a ce mafarki ne, ko a ce gawar wata aka binne, Hajiya na can wani asibitin ƙauye ba ta san inda kanta yake ba. Mun yi irin wannan a littattafan kasuwa har makaranta sun haddace. Na ƙi. Na bar ta a kabarinta, na ɗauki makullan na ajiye a tsakar ɗaki, na tara matan gida da 'ya'ya a kansu. Wa zai buɗe sito? Da aka buɗe akwatinta sai ga littafin adashi da bashin mutum tara, ga takardar wani fili da ba wanda ya san da shi. Labarin da na nufa na suruka da uwar miji ya koma na gado, kuma surukar da aka raina ita kaɗai ta san inda Hajiya ke ajiye komai, don shekara bakwai ita ake aike. Ni kaɗai a ɗakina ba zan taɓa isa wurin nan ba, don ba zan iya kashe Hajiya ba.

Amma fa abin yana da iyaka, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa duk abin da abokin aiki ya kawo alheri ne. Hancock yana sauraro hannunsa ya zame. Ɗaya daga cikinmu kuwa, ba zan ce wace ba, ta kawo babi na shida da wani saurayi ɗan mai kuɗi da ya dawo daga Dubai, ba ruwansa da gado, ba ruwansa da makullai, ga alama ma ba ta karanta na biyar ba, wani tsohon labarinta ta zazzage mana. Wannan ba zamewar hannu ba ce, toshe kunne ne, kuma na mayar mata da shi. Mun yi sati biyu ba ma gaisawa, sannan ta sake rubutawa.

Su ma makaɗan sun san ciwon maimaita abin da hannu ya saba. A Disamba 1965, yaran Miles, wato Hancock da Wayne Shorter da Ron Carter da mai ganguna Tony Williams, wanda shekarunsa 20 kacal a lokacin, sun ga wasansu ya yi santsi har kowa ya san abin da ɗan uwansa zai yi. Sai Williams ya kawo shawarar su riƙa buga akasin abin da ake jira, ba su kuma gaya wa maigidan ba. Haka suka hau dandalin Plugged Nickel a Shikago, ga na'urar ɗaukar faifai a kunne. Inda ake jiran tsawa su yi shiru, inda ake jiran sauri su ja ƙafa, Miles ya bi su a haka.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ashe ɗaya daga cikin manyansu ya zauna a nan kusa da mu. Yusef Lateef, Musulmi ne mai busa saksofon da sarewa, ya yi daga 1981 zuwa 1985 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bincike a kan sarewar Fulani. Shi ko sunan jaz ɗin ma ba ya so a kira kiɗansa da shi. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Saura maganar da ba a so, ta suna da kuɗi. In mutum takwas sun ƙirƙiri abu a nan take, na wane ne? Free Jazz an rubuta a jikinsa cewa ƙirƙirar taro ce, amma sunan Ornette ne a matsayin mai waƙa. A Kind of Blue akwai Blue in Green, an rubuta ta Miles ce, Bill Evans kuwa har ya bar duniya a 1980 yana cewa shi ya tsara ta. Mutumin da ya iya rufa wa yaronsa asiri a kan dandali, da aka zo takarda sai hannunsa ya ƙanƙame. Ba banza ba a 1965 su Muhal Richard Abrams suka kafa ƙungiyar AACM a Shikago, don makaɗa su riƙa shirya wasanninsu da kansu, su gabatar da kiɗan da suka ƙirƙira ba sai mai gidan rawa ya yarda ba.

Mu ma nan muka zo muka cije. Littafin ya kammala a babi 24, kowa shida. Wani mai tashar karanta littattafai a YouTube ya nemi ya saya, amma da sharaɗin sunana kaɗai zai sa, wai ni masu sauraro suka sani tun zamanin da ake buga littafi a kai kasuwa, sunaye huɗu ba sa jan mutane. Ya ce in karɓi kuɗin in sallami sauran yadda na ga dama.

Na ce masa, "Malam, babin da za su fi yi wa kuka ba ni na rubuta ba, kuma wanda za su fi yabo ba zai samu ba sai da wancan."

Ya ce in je in yi shawara. 'Yar Gusau na ganin a karɓa, don tana da kuɗin makarantar yara a gabanta, kuma ban isa in ce ba ta da gaskiya ba. 'Yar Katsina ta ce ko a sa huɗu a jere yadda babobin suka zo, ko littafin ya kwana a waya. Ta huɗun ba ta ce komai ba tukuna. Mun sa ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu yi magana mu huɗu a layi ɗaya, mutumin kuma ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Ci gaban labarinmu na nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.