Da Ɗan Jagora Ko Ni Kaɗai? Abin Da Na Koyo A Hanyar Maraɗi

Wannan makon ni aka ba alƙalami, kuma labarin wata 'yar tafiya zan ba ku.

A shekarar 2018, kafin a rufe boda a watan Agustan 2019, ina rubuta wani labari da rabinsa a Maraɗi yake faruwa, alhali ban taɓa taka garin ba. Na tara ɗan abin da zai ishe ni kwana biyu, na hau mota daga Kano zuwa Katsina, daga nan sai Jibiya, sai Magama.

A Magama, wurin da na tsaya canjin naira zuwa sefa, wani dattijo ya matso ya ce, "Ɗana, baƙo ne kai. In kana son mai zagayawa da kai Maraɗi, ga ni." Kuɗin da ya faɗa sun kai kashi ɗaya cikin uku na guzurina. Na ce a raina, ƙasar da Hausa ake yi, me zan yi da ɗan jagora? Ai matambayi ba ya ɓata. Na ce, "Baba, na gode, zan iya." Bai ja ba, ya rubuta min lambarsa a 'yar takarda.

Tun a Ɗan Isa, garin farko a ɓangaren Nijar, na fara gane kurena. Na sayi ƙosai, mai tuya ta ce dala ashirin. Na tsaya ina laluben sefa ashirin, yara suna dariya. Ashe da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin kuwa sefa ɗari ke nan. Dubu kuma jaka ce. A Maraɗi na yini ina yawo a kan kabu-kabu, na ga babbar kasuwa, na ga ƙofar fada, na ɗau hotuna. Da dare na buɗe littafina don in rubuta abin da na gani, sai na tarar ba ni da komai sai sunayen wurare. Kwana ɗaya ya tafi, saura ɗaya. Sai na lalubo takardar nan.

Da hantsi dattijon ya iso. Bai kai ni ko'ina ba sai da ya tambayi abin da nake rubutawa. Na ce labarin wata tsohuwa ce da aka haifa wajen 1935, ta girma a gidan da har yau take ciki, kusa da kasuwa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan gida naka babu shi." Ya gangara da ni wajen Gulbin Maraɗi, ya nuna min kwarin da tsohon gari yake. Ambaliyar 1945 ce ta ci shi, aka maido garin kan tudu, shi ya sa titunan yanzu suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Da ban kira shi ba, da na buga littafin da duk dattijon Maraɗi zai yi wa dariya tun daga shafin farko.

Shi ne kuma ya warware min dalilin da ya sa ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsina: zuriyar sarakunan Haɓe ne da suka baro Katsina bayan ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Da la'asar muka je tafkin Madarunfa, inda ake ziyartar kushewun waliyyai 99.

Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. Ya kai ni shagon wani ɗan uwansa, na sayi turaren da ban yi niyya ba saboda kunya. Wasu labaransa kuma da gishiri, sai da na dawo na tace su da littattafan tarihi. Sannan duk inda muka tsaya shi ake yi wa magana, ni ɗan kallo. Zancen da ya fi daɗi a littafin, irin "mi kake so" da "lahiya lau" na mai shayi, a ranar da nake ni kaɗai na tsince shi.

Saboda haka ga shawarata. In yawon buɗe ido kawai za ka, kuma kana jin harshen, ƙafarka da bakinka sun isa. In kuwa rubutu za ka yi, ware kuɗin jagora tun daga gida, amma ka juya tsarina: ranar farko da shi, ta biyu kai kaɗai. Ku yi ciniki kafin ku tashi, ka faɗa masa abin da kake nema, abin da ya faɗa kuma ka bincika.

Tsohuwar labarina yanzu tana da shekara goma ruwa ya cinye gidansu. Babin da masu karatu suka fi yi min magana a kai ke nan.

Wa ya taɓa rubuta garin da bai je ba? Ina sauraronku.