Ƙasusuwan da ke ƙarƙashin rairayinmu

'Ya'yanmu da suka tashi a Kwatano, Lome ko Ankara sun san dainoso tun ba su iya ƙirga kuɗi ba. Suna ganin sa a waya, yana nan a jikin rigunansu da jakar lakwal. Amma tambayi yaro daga ina dabbar nan take, zai ce maka Amurka. In ka ce masa Nijar, dariya zai yi, don shi abin da ya sani game da gida bai wuce zafi da ƙura da 'yan uwa masu jiran aike ba. Abin nan yana damuna, domin yaron da bai san darajar ƙasarsu ba, ranar da aka taya masa ita da araha zai sallama.

Alhali kuwa yankin Agadas na cikin wuraren da masana suka fi samun waɗannan ƙasusuwan da suka zama dutse. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono wata dabba da aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigersaurus, a 1999. Tsawonta kamar mita 9, haƙoranta wajen 500, ciyawa take ci, kuma masana sun ce ta rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. A nan ne kuma aka samu wani kada, Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya kai na babbar mota. Kada fa, a inda yau raƙumi ke wahalar ƙishi! Ke nan dā koguna ne a wurin.

Ƙanena mushe ne. Ya yi shekaru yana koyarwa a wata ƙaramar lakwal wajen Iferwan, cikin gandun Ayar da Tenere da gwamnati ta keɓe a 1988, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Ba shi da littafi mai hotuna, ba shi da kwamfuta. Abin da yake yi shi ne ya fita da yara da sanyin safiya, kowa da allonsa. Su tsaya gindin aduwa ko goriba, kowa ya faɗi sunanta da harshen gidansu da abin da kakarsa ke yi da ita. Su bi sawun barewa. Sai ya kai su gaban dutsen da mutanen dā suka zana raƙumin dawa da shanu, ya ce, "To, wa ya taɓa ganin raƙumin dawa a nan?" Ba kowa. "Me yake ci? Ina bishiyoyin suka tafi?" Daga nan yara da kansu ke gano cewa ƙasa tana sauyawa, kuma abin da ke nan yau yana iya ɓacewa, kamar yadda jimina ta ƙare a dajin nan a zamanin iyayensu.

Dokarsa ɗaya ce: ka duba, ka zana, ka bar shi inda ka same shi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yaya, kai ɗan kasuwa ne. Kaya ba takarda, ka san daga inda ya fito?" Haka ƙashi yake. Ƙasar da yake kwance a ciki da abin da ke kusa da shi su ne ke faɗa wa masana shekarunsa. In an ɗauke shi an jefa a buhu, ya koma dutse kawai.

Maganar nan ta shafe mu kai tsaye, mu masu hawa da sauka. Ni kaina an taɓa tare ni a tasha da leda cike da haƙora da kan kibiya na dutse, wai in kai bakin teku, Turawa na saye da tsada. Na ce a kai kasuwa. Dokar Nijar ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, kuma ko babu doka, 'yan jikkunan da za ka samu kafin sati sun ƙare, abin da ka fitar kuwa ba ya dawowa. Jikanka sai ya nemi biza kafin ya ga abin da aka tono a ƙasar kakansa.

Na san hanyar arewa ba kowane lokaci take da lafiya ba, ba kuma na cewa a kwashi yara a nufi Tenere. Amma in hutu ya bi da ku Yamai, ku ware rabin yini ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama. Akwai ƙasusuwan dainoso a tsaye, akwai kuma itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Mutanen Sakkwato kuma ba sai sun je nesa ba. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku, kuma akwai wata dabbar ruwa da masana suka sa wa sunan Goronyo, Goronyosaurus. Yaron da ya saba wasa a bakin teku a Lome, ka gaya masa teku ta taɓa kai wa har Sakkwato, ka nuna masa shaida a dutse, ka ga yadda idonsa zai buɗe.

Muna kai su gida su gaida kakanni, su ci tuwo, su gyara Hausarsu. Mu ƙara da wannan. Uwa ko uba ba sai ya yi boko mai zurfi ba: sunan itace biyar, labarin dutse ɗaya, da horon cewa abin daji ba na aljihu ba ne. Allah ya raya mana su, ya sa su riƙe amanar da muka tarar.