Abin Da Muka Tarar A Shagon Cajin Waya



A taronmu na watan jiya iyaye sun kawo ƙorafi a kan samarinmu na nan Sabo, Ibadan. Kowane daren Asabar sai su taru a shagon cajin waya suna ihu har sha biyun dare, wai suna buga Free Fire ana kallonsu kai tsaye a TikTok. Wani dattijo ya ce a rufe shagon kowa ya huta. Aka wakilta mu 'yan kwamiti mu je mu gani. Gaskiya tun kafin mu tashi mun riga mun yanke hukunci a ranmu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Free Fire wasan waya ne na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. Mutum 50 ke dirowa da lema a wani tsibiri, filin yana ta tsukewa, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Yaranmu hurhuɗu suke shiga, suna magana da juna ta waya. Idan aka kayar da ɗaya, sai ɗan uwansa ya zo ya tashe shi.

A nan muka ji abin da ya ba mu mamaki. Yaron da ke haska wasan, a nan aka haife shi. Mun san shi sarai, idan mahaifinsa ya yi masa Hausa da Yarabanci yake amsawa. Sai ga shi yana ihu: "Ku taho ku tashe ni, suna bayan gidan nan!" Muka tambayi su wa yake yi wa magana. Ɗaya yana Fagge a Kano, ɗaya a Damagaram, ɗaya a zangon Kumasi. Na Damagaram Faransanci ya karanta, ba ya jin Turanci, don haka Hausa kaɗai ke haɗa su huɗun. Masu kallo ba su wuce arba'in ba, amma sun san juna. Idan ya kwaɓa Hausa su yi masa dariya, su rubuto gyara, ya maimaita.

Muka ce masa, to nawa kake samu? Ya yi murmushi ya ce, "Baba, kyautar da ake turowa ko kuɗin data ba ta kai ba. Mutanen ne ba na iya bari." Ashe lokacin da aka sace wayarsa, su suka yi karo-karo ya sayi ta hannu, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba.

Jikinmu ya yi sanyi. Shekara biyu muna buɗe ajin Hausa na yamma, benci ne kawai ke sauraronmu.

Amma iyaye ba ƙarya suka yi ba. Mun ji ashar da kunnenmu. Akwai yaron da ya ɗauki kuɗin cefane ya sayi lu'ulu'un cikin wasan. Akwai masu gyangyaɗi a aji. Don haka muka zauna da samarin muka yi yarjejeniya. Ƙarfe goma kowa ya watse. Wanda bai kai shekara 18 ba ba zai haska kai tsaye ba, dama ƙa'idar TikTok ke nan. Lokacin jarrabawa a dakata. Mai zagi kuwa su da kansu za su cire shi, kuma tuni sun cire mutum biyu.

Ba a rufe shagon ba. Roƙonmu ga iyaye shi ne, kafin ka ƙwace wayar, ka zauna kusa da ɗanka ko zagaye ɗaya ne, ka ji su wa yake hira da su. Duk wanda ya ga an karya yarjejeniyar nan, ya samu sakatare ko ya kawo maganar a taro mai zuwa.

Allah ya shirya mana zuri'a.