Tankaɗe da Rairaya a Gasar Mutum-mutumi

Idan aka yi zancen gasar mutum-mutumi ta 'yan makaranta, hankalin yawancinmu yakan tafi ne ga ranar ƙarshe, ranar tafi da guɗa da miƙa kofi. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne zagayen share fage, watau matakalar da ake kafawa don a tace waɗanda za su kai ga babbar gasa. A ganina, yadda aka kafa matakalar nan shi ke yanke hukuncin ko ɗan talaka zai daɗe cikin wannan sha'ani, ko kuwa zai leƙo sau ɗaya ya koma.

Dalilina kuwa shi ne, na taɓa taimaka wa wasu yara 'yan sakandare wajen harhaɗa na'urarsu. Wata uku suna fama, su tashi daga aji su wuce ɗakin gwaji har magariba. Da lokacin gasar shiyya ya yi, sai da muka yini a mota, bayan an yi karo-karo an biya kuɗin shiga da na masauki. A karon farko wata 'yar waya ta tsinke, na'ura ta tsaya cik, aka ce an fitar da mu. Kafin a tashi yaran sun gyara ta, amma ina, ba sauran wurin gwadawa. Da shekara ta kewayo hukumar makaranta ta ce ba kuɗi, yaran kuma suka watse.

To, da na gaba akan gane zurfin ruwa. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna FIRST, wadda wani maƙeri na zamani, Din Kamen, ya kafa a 1989. Gasarta ta farko an yi ta a 1992 a jihar Niyu Hamsha, da ƙungiyoyi 28 kacal. Da abin ya bunƙasa sai aka shiga yin manyan gasa na shiyya a ɗakunan taro masu tsada, waɗanda suka yi nasara su zarce gasar duniya. Makaranta mai hali takan biya ta shiga shiyya biyu ko uku, marar hali kuwa sau ɗaya za ta buga.

A 2009 jihar Mishigan ta fito da tsarin gunduma. Maimakon babban taro guda, sai aka yawaita ƙananan gasa a zaurukan wasannin makarantu, kusa da gida. Kuɗin rajista ɗaya yakan ba ƙungiya damar shiga gasa biyu, ana tara mata maki. Akwai makin matsayin da ta samu a wasannin farko, da na ci-gabanta a zagayen ƙarshe, da na lambobin yabo. Har ma sabuwar ƙungiya akan ba ta kyautar maki 10, mai shekara biyu kuma maki 5. Masu maki da yawa su ke haɗuwa a gasar jiha, daga can a zaɓi masu zuwa gasar duniya a birnin Hiyuston. Daga baya wasu jihohi, har da lardin Ontariyo na Kanada, suka ari wannan tsari.

Mutanen Japan kuma da tasu dabarar. Tun 1988 gidan talabijin na NHK ke shirya gasar kwalejojin fasaha. An kasa ƙasar shiyya 8, waɗanda suka tsallake su haɗu a babban zauren kokawar sumo na Tokiyo. Abin da ya burge ni shi ne, ban da zakaran shiyya, alƙalai sukan zaɓi wasu ƙungiyoyi saboda kyan tunanin da ke cikin na'urarsu, ko da an kayar da su.

Kada dai a ɗauka abin ba wuya. Ƙananan gasa da yawa suna bukatar alƙalai da yawa, da zauruka, da filin wasa iri ɗaya a ko'ina, in ba haka ba makin wannan gari ba zai yi daidai da na wancan ba. Lissafin maki kuma in ya cika sarƙaƙiya, sai zargi ya shigo. Saboda haka wajibi ne a rubuta ƙa'ida a fili tun kafin a fara, kowa ya riƙe tasa takardar.

Duk da haka, ni dai ina bayan tsarin da ke kawo gasa kusa da gida, ya ba yaro damar gwadawa sau biyu, ya kuma saka wa mai basira ko bai ci kofi ba. Ai aikin injiniya gaba ɗayansa ke nan: a ƙera, ta lalace, a gano dalili, a gyara. Gasar da ke korar yaro a faɗuwar farko ta hana shi darasin da aka tara shi dominsa.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman na fannin injiniya da kimiyya, da ku malamanmu, in an zo shirya irin wannan gasa, ƙarancin alƙalai da masu sa kai shi ke tilasta a dunƙule ta wuri guda. Mu ne ya kamata mu cike wannan giɓi. Allah ya ba mu iko, amin.