Filin Kokawa a Gonar Aro

A makon jiya na kai ziyara ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ya san ba a ganin daji a cikinta. Gona ce ke bin gona, iyakarsu layin gamba ko shingen lalle, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakiya. An gama yankan gero, an kwantar da dawa, amalanken shanu sai kai da kawowa suke yi tsakanin gonaki da rumbuna. Wannan shi ne lokacin kokawa tun kaka da kakanni, domin sai ciki ya cika ake neman abokin karawa.

Na tarar da ɗan yayana, saurayi mai shekara 22, yana shirin kokawar da za a yi bayan mako uku. Ba shi da mai horarwa, ba shi da ɗakin motsa jiki. Da asuba, bayan salla, yakan bi burtali da gudu cikin sanyin hunturu. Da hantsi ya shiga dakon dammunan dawa a ka, aikin da ya ce ya fi kowane ƙarfe gina wuya da ƙugu. Da la'asar kuma shi da abokansa biyu su gangara cikin yashin rafin da ya ƙafe, su yi ta gwada taɗiya da harɗiya har magariba. Abincinsa tuwon dawa da miyar kuka, sai fura da nono idan aljihu ya yarda. Mahaifiyarsa ba ta son harkar, amma na lura kwanon tuwonsa ya fi na kowa tudu.

Wani dare muna zaune a ƙofar gida, wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya zo hutu ya nuna mana bidiyon jiu-jitsu ta Barazil a wayarsa. Asalin wannan wasa daga Japan yake. Mitsuyo Maeda ya isa Barazil a 1914, iyalan Gracie suka koya suka sauya masa fasali, duniya kuma ta san shi sosai a 1993, lokacin da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a Amurka, inda ya rinjayi waɗanda suka fi shi nauyi. Mai shirin gasarsa yakan yi makonni yana auna abin da yake ci don kada ya wuce nauyin rukuninsa, yana maimaita riƙo ɗaya sau ba adadi a kan shimfiɗa mai taushi.

Wani dattijo da ya yi tashe a kokawa zamanin ƙuruciyarsa ya ƙura wa wayar ido, ya ga mutum biyu sun zube ƙasa suna ta murɗe juna. Sai ya ce, "Kai yaro, ai an yi kaye. Me kuma suke jira?" Aka yi dariya, amma tambayar tana da ma'ana. A wurinmu, da zarar ka kai ƙasa magana ta ƙare, makaɗa sun koma yabon wani. A wurinsu kuwa faɗuwa ce mafarin aiki, sai an shaƙe mutum ko an lanƙwasa masa gaɓa ya buga hannu alamar sallamawa, ko a ƙirga maki idan lokaci ya cika. Ɗan yayana ya nemi a maimaita masa wurin kayen har sau huɗu. Abin da ya biyo baya bai dame shi ba.

Abin da ya dame shi fili ne. A ƙasar da kowane taƙi yake da mai shi, dandalin kokawa gonar aro ce, wadda ake share kututturen kara a cikinta bayan girbi. Gonar da muka yi kallo a cikinta muna yara an raba ta gado, wani kaso ma an zagaye shi da bulo. Bana wani manomi ya yi alkawarin bayar da tasa, amma sai ya roɗe wakensa tukuna. Sai na tuna da Nijar, inda tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, inda garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa suke da filayen kokawa ginannu, har yaran ƙauyenmu sun san sunan Isaka Isaka na Doso ta waya. Mu da muke taƙama da yawan jama'a, muna jiran wake ya bushe.

Jiran kuma yana da tsada. Sa'o'insa sun riga sun tafi cin rani, wasu Legas, wasu Abuja, kuma kowane mako da ya ƙara a gida kuɗi ne ya bari, alhali yana tara na aure. Na tambaye shi abin da zai samu idan ya yi kaye. Ya ce, "Baffa, ɗan abin da 'yan kallo suka liƙa ne, rabinsa ma na makaɗa." Ya yi shiru, sannan ya ce bara wani ɗan ƙasar Kazaure ya kayar da shi a gaban mahaifinsa, kuma ya ji labarin bana ma zai zo.

Ranar Lahadi na biyo masu zuwa kasuwar Dambatta don in sami motar Kano. Da muka wuce gonar da aka yi alkawari, na leƙa ta taga. Waken bai gama bushewa ba.