Suleja, Zazzau Ta Gindin Dutsen Zuma

Duk matafiyin da ya hango Dutsen Zuma, to ya iso ƙasar Suleja. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu, mai albarkar doya da dawa, wadda Gwari da Koro suka daɗe suna nomawa. A zamanin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya, ya sauka Zuba. Da ya rasu a yaƙin Lapai cikin 1825, sai ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a bakin kogin Iku cikin 1828, aka kira shi Abuja. Bayan da aka keɓe yankin babban birnin tarayya cikin 1976, garin ya sallama sunansa da babban ɓangare na ƙasarsa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Amma har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkinsa.