Ina Allura Da Zare A Finafinanmu?

Mai karatu, don Allah ka ɗan yi tunani kafin ka ba ni amsa: yaushe rabonka da ka ga matar aure a fim ɗin Hausa tana zaune a tsakar gida da hula a hannu tana ɗinki? Ban ce bazawarar da miji ya mutu ya bar ta da marayu ba, wadda za a saka mata busar sarewa mai ban tausayi tana ɗinki tana share hawaye. A'a, mace dai mai rufin asiri, mijinta na da abin yi, tana hira tana dariya, allura na shiga tana fita. Ni dai aikina ke nan, kallon fim da yin sharhi a kansa, kuma in aka ce in ƙirga irin wannan fitowa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni.

Abin da muka saba gani shi ne Hajiya a katafaren falo, ta harɗe a kan kujera, rimot a dama, waya a hagu. Daga safe har dare ba ta taɓa komai sai kofin lemo. Faifai da tabarma da ƙwarya kuwa, an mayar da su tambarin talauci. Da zarar darakta yana so ya nuna maka cewa yarinyar nan 'yar talakawa ce, sai ya aika a samo tabarmar kaba wadda gefenta ya cinye, a jingina muciya a bango, shi ke nan an gama. Wallahi wannan ƙarya ce ake yi wa gidan Bahaushe, kuma mu masu kallo mun fi kowa sani, domin a gidajen muka tashi.

Bari in ba ka misali da namu gidan. Mahaifinmu ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, amma ban taɓa ganin Inna ta zauna hannu rabbana ba. Da an gama tuwon rana za ta jawo gwangwanin alewar da take ajiye zare a ciki. Akwai mai zane da ake kai wa farin yadi ya fitar da fasalin hular, ko ƙube ce ko damanga ko zanna, ita kuma ta bi zanen da zare kala-kala, ɗinki bayan ɗinki. Saman hular daban ake yin sa, sai a ƙarshe a haɗa shi da jikin. Mai ƙaramin aiki takan ci 'yan makonni, mai cikakken aiki kuwa sai a shafe wata da watanni ana fama. In ta kammala, dillaliya ta zo ta ɗauka, daga nan sai wajen masu wankin hula, a sa mata sitaci a ɗora a kan ice ta bushe ta miƙe. Alhajin da zai kafa ta ranar Juma'a bai san ma a wane lungu aka yi ta ba.

To ina kuɗin ke zuwa? Nan ne labarin yake. Wani kaso adashi, wani kaso asusun ƙasa da ke ƙarƙashin gado, wanda ba a fasa shi sai da dalili mai ƙarfi. Da wannan allura aka tara wa yayata kwanukan jerenta, ɗaya bayan ɗaya, tun tana firamare. Shekarar da zan shiga ajin ƙarshe na difiloma, albashin Baba ya makara, ranar rufe rajista kuma ta matso. Kwasar adashin Inna ce ta biya. Saboda haka in na ga an nuna mace mai ɗinkin hula a matsayin abar tausayi, raina ɓaci yake yi, don ni na san ita ce bankin gidan.

Kuma ba kuɗin ne kaɗai ba, akwai jin daɗin abin. Matan unguwa kan taru da la'asar, wannan da kwarashi da ulu tana saƙa wa jariri hular sanyi, waccan tana tufkar faifai, wata na haɗa ƙyallayen da ta roƙo a shagon tela za ta yi rigar matashi. Ana yi ana gasa, ana kushe kalar da wata ta zaɓa, ana koya wa 'yammata. Duk wani sirrin unguwa a nan ake jin sa. Kai, ko don wannan ai ya kamata marubutan fim su so wurin! Kowane mai sharhi zai gaya maka cewa ɗan wasan da hannunsa ke aiki ya fi wanda ya sandare a kujera yana jiran layinsa. Ka ɗauka kishiya ce aka faɗa wa cewa maigida zai ƙara aure, tana cikin ɗinki. Ba ta ce uffan ba, sai dai allurar ta tsaya, ko ta soke ta a yatsa. Wannan ya fi mana ihun minti biyar da jifa da filo.

Mu ma yara ba a bar mu a baya ba. Motar kara, motar langa-langa mai tayar silifas, ƙwallon tsumma, duk mun yi. Ni abin da ya fara jawo ni harkar fim ma majigin kwali ne: a huda kwali a manna farar takarda, a yanka mutum-mutumi a soke su da tsinke, a kunna fitila a baya in an ɗauke wuta. Mai majigin shi ne darakta, shi ne jarumi, shi ne mai kiɗa da baki, kuma sai ka biya kafin ka zauna a zauren. Yaran da suka yi wannan su ne wasunsu suka girma suka riƙe kyamara, amma abin mamaki sun manta da shi sarai.

Wani zai ce ai mai kallo ya gaji da wahala, so yake ya ga daula ya huta. Na ji, kuma ban ce a daina nuna gidan mai kuɗi ba. Sai dai shi ma mai kuɗin hular hannu yake sawa, ya kuma fi kowa sanin tsadarta. Sannan dubi farin jinin da shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya samu, alhali rayuwar talakawan gari yake nunawa. Dubi kuma bayan takardar naira 20 da aka fitar a 2007: hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, tana aikinta. Ƙasa ta ɗora mai aikin hannu a kan kuɗinta, mu kuwa mun kasa ɗora ta a kan kujerar falo.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, na lura 'yammata da yawa, har da masu digiri, sun koma wa kwarashi da haɗa turaren wuta da humra, suna tallar kayansu a WhatsApp da Instagram. Ga labari nan a ƙofar gida, da jarumarsa, da abokan hamayyarta, da bashin zare, da mai sayen da ya karɓi kaya ya kashe waya. Furodusan da ke kukan kuɗin hayar gidan da za a yi ɗauka, da zai leƙa Kasuwar Kurmi da rabin kuɗin, da ya cika ɗaki guda da kayan da kyamara za ta so, har ya yi ragowar na abincin ma'aikata. Abu ɗaya kawai zan roƙa: a sa jarumar ta zauna da mai ɗinkin gaske ko na mako guda ne kafin a fara ɗauka, domin matan da za su kalla daga riƙon allura suke gane wadda ta iya.